A Cika Kangayen Damagaram Kafin a Yanka Wata Gona

Duk hanyar da mutum ya bi ya fita daga Damagaram, ta Tanut ce ko ta Mirya, ta Magarya ko ta Takeita, abin da zai fara gani bayan gidaje sun ƙare shi ne duwatsun siminti da aka kakkafa a cikin gonakin hatsi. An auna, an yanka, an ba kowane fili lamba, an sayar. Wani wurin ko karan bara ba a gama kwashewa ba. Babu pampo, babu turken wuta, babu lakwal, hanyar ma sawun amalanke ce. Amma takardun filayen sun daɗe da fita, wasu har sun sauya hannu sau biyu ko uku.

Shi kuwa wanda ya zaga cikin gari da ƙafa, musamman unguwannin da aka yanka shekara ashirin ko talatin da suka wuce, zai ƙirga kangaye har ya gaji. Ga fili an kewaye shi da katanga an sa ƙofar ƙarfe, ciki ba kowa sai tumfafiya da ledoji. Ga wani an tayar da gini ya kai linta aka tsaya, bulo har ya yi baƙi. Ga gidan gado da ya zube, magada suna Yamai da Kano da Agadas, an kasa zama a raba. Bututun ruwa ya bi ta ƙofar waɗannan wurare, wayar wuta ta bi ta samansu. Abin da maƙwabta ke samu daga gare su bai wuce juji ba, da sauro da damina, da maɓoyar masu shaye-shaye da dare.

A ganina ya kamata hukumar birnin Damagaram ta dakata da yanka sabbin filaye a bakin gari na wasu shekaru, ta juyo da ƙarfinta kan cike waɗannan kangaye, ta kuma buɗe hanya ga benaye masu hawa ɗaya ko biyu da iyali huɗu ko shida za su zauna a ciki, a wuraren da ruwa da hanya suka riga suka iso. Ba dogayen benaye irin na Dubai nake nufi ba, ba ma irin na tsakiyar Yamai ba. Gari ya ɗan tashi sama kaɗan, ya daina miƙe ƙafa cikin gonakin mutane.

Mutane dai suna ƙaruwa, wannan ba abin musu ba ne. Ƙidayar 1988 ta samu mutum wajen 120,000 a garin. A 2001 sun kai 170,000, a 2012 kuma sun haura 235,000. Jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, sama da miliyan uku da rabi a waccan ƙidaya, kuma duk shekarar da damina ta yi gardama wani kaso na mutanen karkara nan yake sauka. Mu yi lissafin ɗan kasuwa. Tsakanin 2001 da 2012 an samu ƙarin mutum 65,000, wato kusan 6,000 kowace shekara. In aka ɗauka mutum bakwai ne a gida, ana bukatar sabon muhalli wajen 850 a shekara. Hekta guda, bayan an cire hanyoyi da wuraren jama'a, da ƙyar take ba da fili 15 masu murabba'in mita 400. Ke nan in kowane iyali sai ya samu filinsa shi kaɗai, gari zai riƙa haɗiye sama da hekta 50 na gona duk shekara. Wannan ma in duk filin da aka yanka ana gina shi ne, alhali kowa ya san rabin zancen ke nan.

To me ya sa ake ta yankawa? Domin duk wanda ke cikin harkar yana da riba, in ban da garin kansa. Ma'aikatar magajin gari kuɗin shigarta kaɗan ne: harajin kasuwa, na tasha, da ɗan abin da gwamnati ke turowa. Lotisma, wato yanka sabbin filaye, ita ce hanya mafi sauri ta samun kuɗi a dunƙule. A ɗauko gona, a kira masu awo, a ba mai gonar kasonsa na filaye, a sayar da sauran, a biya albashi da bashi. Ita gwamnatin ƙasa ma ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Mai gona yana murna don ya ga kuɗin da gero bai taɓa ba shi ba. Dillali ya ci la'adarsa. Mai saye kuwa, sau da yawa ba muhalli yake nema ba. Ɗan kasuwa ne ko babban ma'aikaci da ya samu rarar kuɗi, bai yarda da banki ba, yana ƙyamar kuɗin ruwa, ya kuma ga yadda naira ta narke a hannun abokan cinikinsa na Kano, sai ya zuba dukiyarsa a ƙasa. Fili kiwo ne da ba ya cin dusa, ba ya ciwo, ɓarawo ba ya kora shi da dare. Ban ga laifin mai wannan tunani ba. Laifin yana wuyan tsarin da ya bar ajiye fili a banza ya fi gina shi riba.

A Damagaram, ruwa ne ke tona asirin wanda ke biyan kuɗin wannan tsari. Garinmu a kan dutse yake zaune. Manyan duwatsun da ke leƙowa a tsakiyar Birni, tsohuwar unguwar garin, su ne saman shimfiɗar dutsen da ta hana rijiyoyin gari ba da ruwan kirki. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, bayan Damagaram ta riƙe matsayin tun 1911. Shekara ɗari ke nan muna fama da abu guda. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya ta kudu, daga Arunguza ta arewa, daga baya aka ƙara da Ganaram, kowanne tafiyar kilomita gommai cikin bututu. Garin da ke wannan hali bai kamata ya yi wasa da tsawon bututu ba.

A ɗauki layi mai tsawon mita 100, filaye biyar ta kowane gefe. In uku kaɗai aka gina, kamar yadda ake gani a sabbin unguwanni, an binne bututun mita 100 saboda gida uku. In aka gina goman duka, kowane fili da iyali huɗu, bututun nan ɗaya iyali arba'in yake shayarwa. Kuɗin haƙa ɗaya ne, kuɗin gyara ɗaya ne, wuraren da zai iya yoyo su ne dai. Haka lissafin yake ga wayar kamfanin wuta na NIGELEC, ga kwalta, ga magudanar ruwa, ga motar kwashe shara in akwai ta. Na yarda, haɗa mutane wuri guda ba ya ƙara ko ɗigo a ruwan Arunguza. Amma yawan bakin da za su sha ruwan ɗaya ne, ko suna zaune a warwatse ko a haɗe. Abin da ke bambanta shi ne nawa za a kashe kafin ruwan ya kai gare su, da nawa zai zube a hanya.

Kuma ba mai kangon ne ke zuwa bakin gari ya zauna ba. Malamin makaranta ne da ya tara kuɗi shekara da shekaru, da ƙaramin ɗan kasuwa, da magidancin da haya ta kore shi daga tsakiyar gari. Shi ne zai sayi fili mai araha can nesa, ya yi ɗaki biyu, ya tare. Daga ranar ya shiga hannun ƴan garuwa, yana sayen bido a kan ninkin abin da mai pampo a gida ke biya, a Afrilu da Mayu kuma ko da kuɗinsa sai ya haɗa da roƙo. Kullum sai ya biya kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole ko wurin aiki, ya biya na dawowa. Matarsa in naƙuda ta kama ta da dare, sai an nemi mai adaidaita da zai yarda ya shiga yashi. Arahar da ya gani, cikin ƴan shekaru ruwa da abin hawa sun cinye ta. Manomin da ya sayar da gonar ma, kuɗin sukan ƙare a aure da babur da biyan bashi, ɗansa ya dawo yana tura kurar ruwa a unguwar da aka gina bisa gonar ubansa.

Wani zai ce ai cunkoson yana nan, me ake nema kuma? Yana nan, amma mafi muninsa. Abin da mai fili ke yi yau in yana son kuɗin haya shi ne ya jera ɗakuna ta kowane gefe, rufin kwano, ɗaki da salo ko ɗaki guda, ya bar ɗan lungu a tsakiya, ban-ɗaki ɗaya, pampo ɗaya, mitar wuta ɗaya da ake faɗa a kanta duk ƙarshen wata. Iyali takwas suna raba tsakar gidan da ba ta isa shanya ba, babu inda itace zai tsaya, rana tana dukan kwano daga hantsi har la'asar. Da an ɗora rabin ɗakunan nan bisa rabi, da an samu wuri a ƙasa na darbejiya, na wasan yara, na girki. Mun riga mun karɓi zaman iyalai da yawa a gida ɗaya, tsari ne muka ƙi yi masa.

Babbar hujjar masu adawa ita ce Bahaushe ba ya zaman bene. Suna da abin faɗi. A tsakar gida ake daka, a nan ake girki da itace, a nan ake ɗaure tumaki, a nan ake kwana da bazara, a nan mata ke sakewa ba idon baƙo. Mai mata biyu da ƴaƴa goma sha biyar da ragon layya ba zai hau sama ba, kuma babu wanda ya ce ya hau. Amma ba shi kaɗai ne ke neman wurin kwana a garin nan ba. Akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou da malamansu. Akwai ma'aikatan gwamnati da aka turo daga wasu jihohi, waɗanda ƴan shekaru za su yi su wuce. Akwai masu aiki da matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, da iyalansu ke cikin gari. Akwai ango da amarya da ke son ɗaki biyu da ƙofarsu. Duk wanda ya hau bene cikin waɗannan ya bar wa mai babban iyali gidan ƙasa, ya kuma rage masu tsere a kan haya.

Cewa bene baƙon abu ne a wurinmu kuwa, wanda ya shiga lungunan Zango da Birni ya ɗaga kai ya san amsa. Attajiran zamanin ayari sun gina soraye da benaye da tubali da azara, da zanko a kusurwa da zane a fuskar gida, wasu suna nan tsaye. Birnin da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa matsattse ne, gida manne da gida, lungu mai inuwa, masallaci da kasuwa duk tafiyar ƙafa. Babban fili mai kusurwa huɗu da bila a tsakiya da titi fetal shi ne baƙon. Nasara ya zo da shi ya shimfiɗa a Sabon Gari, muka gada ba mu sake tambaya ba.

Abin da ya fi damun mutane da gaske shi ne leƙe. Maƙwabci ya tayar da bene, ya buɗe taga tana kallon tsakar gidanka, iyalinka sun rasa sakewa a cikin gidansu. Wannan cuta ce, kuma ta raba maƙwabta da yawa. Sai dai malaman Malikiyya sun daɗe da yi mata hukunci, bisa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. A littattafansu an kawo yadda ake gwada taga: a ajiye gado a ƙarƙashinta, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in bai hango ba a bar ta. Ibn al-Rami, wani babban magini da alƙalan Tunis ke aikawa ya duba irin waɗannan ƙararraki a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen taga da ƙofa da indararo da katangar tarayya. Me zai hana masu tsara birni su zauna da malamai da fadar Sarkin Damagaram a fitar da ƙa'ida a shafi guda, da Hausa da Faransanci? Tagar da ke fuskantar maƙwabci ta kasance sama da kai, katangar saman soro ta wuce tsayin mutum, baranda ta kalli titi ko tsakar gidan kanta, kowane iyali da matakalarsa. Mutanenmu sun fi bin dokar da suka ji limaminsu ya amince da ita.

Ba sai an ƙetare ƙasa neman misali ba. A Yamai, a 2016, wasu masu zanen gini da ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara ke cikinsu sun kammala gidajen da aka sa wa suna Niamey 2000: gida shida a filin da aka saba ba gida guda, kowanne ƙasa da sama, da ƴar tsakar gidansa da wurin shan iska, an gina su da bulon ƙasa da aka matse da inji. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar zanen gini ta Aga Khan ta 2022. Masu matsakaicin hali aka yi wa su, talaka ba zai iya ba. Amma sun nuna ana iya haɗa iyali shida a fili ɗaya kowa da sirrinsa, kuma bangon ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi a inda bulon siminti da kwano ke tara zafi. A garin da zafi ke haura digiri 40 da bazara, wuta kuma ba ta da tabbas, kamar yadda muka gani a 2023 da Najeriya ta yanke layinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rashin tabbas ɗin nan ne ya sa na tsaya a hawa ɗaya ko biyu. Ruwan da da ƙyar yake fitowa a pampon ƙasa da tsakar dare ba zai hau hawa na biyar ba, kuma babu mai hawa matakala sittin da bido a ka. Ƙaramin bene abin da yake bukata shi ne tanki a ƙasa da ke tara ruwa lokacin da ya zo, injin turawa mai aiki da hasken rana, tanki a sama, da mita ga kowane iyali. A sa wannan cikin sharuɗɗan izinin gini, tare da ramin masai da aka auna da yawan mutanen gidan. Nan ma nake ganin haɗari ya fi yawa, don inda dutse ke kusa da sama rami ba ya tsotsewa, in aka tara iyali shida a kan masai irin na gida guda sai ya tumbatsa a titi. Irin waɗannan wurare a bar su yadda suke tukuna. Bene kuma ba ya yafe ha'inci. A Agustan 2022 wani da ake ginawa a titin Beirut na Kano ya rufta kan ƴan kasuwar waya. Dole injiniya ya duba tushe da ginshiƙi kafin a zuba dal, wato rufin kankare, amma izinin ya fito cikin makonni, da kuɗin da aka rubuta a bango kowa na gani. In neman izini ya fi ginin wahala, da dare za a gina.

Ina da tsoro guda: kada wannan kira ya faɗa hannun masu haɗama su fassara shi yadda suke so. Ba kowane wurin da babu gini ne kango ba. Tafkuna da kududdufan cikin gari, waɗanda da yawansu ramukan da kakanni suka haƙi ƙasar gini ne, su ne ke karɓar ruwan sama in ya gangaro daga kan duwatsu. Duk wanda aka cike da shara aka yanka, ruwan zai nemi wani wuri, kuma ɗakin wani zai samu. Daminar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, Damagaram na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ranar 3 ga Satumbar 2024 tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Bayan wannan, duk jami'in da ya sa hannu a takardar fili a cikin tafki ko a kan hanyar ruwa ya san abin da yake yi. Haka filayen da aka ware tun wajen awo don makaranta, asibiti ko filin wasa, waɗanda ake bi a hankali ana gutsurewa. Unguwar da za ta ƙara mutane ta fi kowa bukatar su. Shi kuwa Birni, wanda ke jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, gyaran ginin ƙasa yake bukata da magudanai. Kada a bar kowa ya kafa benen kankare a tsakiyarsa da sunan ci gaba.

Aikin da ƙirga zai fara. Kowace da'ira cikin biyar ɗin birnin ta fitar da matasa da waya da taswira, tare da masu unguwanni, a bi layi-layi a rubuta kowane fili: ginanne ne, rabin gini ne, ko kango, da sunan mai riƙe da takardarsa. Sa'an nan a ɗora haraji a kan filin da ba a gina ba a unguwar da ruwa da wuta suka isa, ya riƙa ƙaruwa kowace shekara. Ƙa'idar ba da fili da ma ta tanadi wa'adin raya shi, bin ta ne ba a yi. Ba na goyon bayan ƙwace, don na san waɗanda za a fara da su: bazawara, da marayu, da ɗan ci-ranin da ke Libiya yana turo kuɗin bulo ɗari-ɗari. Mai fili ɗaya tak a ɗauke masa. Mai biyar, mai ashirin, ya zaɓa: ya gina, ya sayar, ko ya biya garin kuɗin bututun da ke wucewa ta ƙofarsa a banza.

Gidajen gado sun fi wuya, don bayan kuɗi akwai zumunci da tsohuwar gaba. Amma a nan bene yana warware abin da igiyar awo ta kasa. Filin da in aka raba wa magada shida kowa zai tashi da abin da bai isa ɗaki da ban-ɗaki ba, ana iya gina shi sashe-sashe, kowa ya san nasa, ya zauna ko ya sa haya, muddin akwai takardar da za ta ba mutum damar mallakar sashen sama da sunansa, ta kuma faɗi wanda zai gyara rufi. Kuɗin ginin fa? An buɗe bankin gidaje na ƙasa a ƙarshen 2018, amma da yawan mutanenmu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko an kai musu har gida. Hanyar da ta dace da mu ita ce wadda fatake suka sani: mai fili ya kawo fili, mai kuɗi ya kawo kuɗi, a gina, a raba sassa ko kuɗin haya bisa yarjejeniya a rubuce a gaban shaidu. A manyan tituna, inda shaguna ke jere ba komai a samansu, lissafin ya fi sauƙi, don hayar shago tana ɗaukar nauyin ginin.

Abin da ba na so shi ne gwamnati ta ji wannan magana ta je daji ta gina rukunin gidaje ta kira ƴan jarida. Kano ta gwada da rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gidaje masu kyau suka yi shekaru da yawansu ba kowa a ciki. Mu ma mun ga shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018. An samu kwalta da fitilu, an gode, amma mai neman ɗaki da salo kusa da wurin aikinsa yana nan yana nema.

Inda maganar za ta cije shi ne asusun ma'aikatar magajin gari. In aka ce ta daina yanka filaye an toshe mata hanyar kuɗi mafi sauƙi, kuma harajin kango ba zai cike gurbin a shekarar farko ba. Dole gwamnatin ƙasa ta tallafe ta na ɗan lokaci, ta kuma bar mata kaso mai tsoka na harajin gidaje da filaye da ake karɓa a garin. Bayan haka, waɗanda za su sa hannu a irin wannan doka, da masu ba su shawara, da attajiran da ake jin maganarsu, da yawansu su ne masu filaye goma-goma. Shi ya sa na nace a kan ƙirgar, kuma a liƙa sakamakonta a ƙofar kowace da'ira, unguwa-unguwa: filaye nawa aka yanka, nawa aka gina, nawa ke hannun mutum ɗaya. Ranar da za a kawo takardar sabuwar lotisma a sa mata hannu, sai mai unguwa ko ɗan jarida ko limami ya samu abin da zai riƙe ya tambayi dalili.